Babi na Biyar: Fili na Mai Takarda, Rami na Wa?

Idan mutum ya sayi fili a Gyaɗi-Gyaɗi ko a Darmanawa da ke Tarauni a birnin Kano, ya biya kuɗinsa lakadan, dillali ya karɓi la'adarsa, mai unguwa ya shaida, daga baya kuma gwamnati ta ba shi takardar shaidar mallaka, shin mallakar tasa ta tsaya a doron ƙasa ne, ko kuwa ta nutsa har inda diga za ta iya kaiwa? Tambaya ce da ke tasowa a majalisar bakin shago, galibi cikin raha, duk lokacin da labari ya zo cewa an ga zinariya a gonar wani a Zamfara, ko an tashi wani ƙauye a Gombe saboda kwal. Sai dai amsarta ita ce take yanke wanda za a biya diyya, da abin da za a biya shi a kai, da kuma wanda za a nema ranar da bangon gida ya tsage. Dokar Najeriya ta raba ƙasa gida biyu, sama da ƙarƙashi, ta ba kowane rabi hukumarsa, kuma mai takarda bai mallaki ko ɗaya daga cikinsu mallakar har abada ba. Wannan rabo ya yi ƙarfi ne nesa da Kano, a ramukan kwal da na kuza, amma ana iya ganin sakamakonsa a cikin unguwa, a kan kududdufin da aka cike bara.

Abin da ke ƙarƙashin Tarauni

Kwal ba gawayin da ake ƙonawa daga itace a sayar a buhu ba ne, ko da yake wasu suna kiran sa gawayin ƙasa. Ragowar dazuzzuka ne da tsirran fadama waɗanda suka rayu shekaru miliyoyi da suka wuce, laka da yashi suka binne su, nauyi da zafin cikin ƙasa suka matse su har suka zama baƙin dutse mai kama wuta. Don haka ba a samun sa sai a cikin duwatsu masu hawa-hawa, wato waɗanda suka taru daga laka shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jera tabarmi, irin waɗanda suka miƙe daga Inugu ta kwarin Binuwai zuwa Gombe. Birnin Kano kuwa yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar kankare, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙa rijiyar burtsatse a Unguwa Uku ko Hotoro ya ga yadda injin yake wuce jar ƙasa da marmara cikin sauƙi, sannan ya fara fitar da farar ƙura idan ya ci karo da dutsen. Babu kwal a ƙarƙashin Tarauni, kuma ba za a same shi ba.

Rashin kwal bai hana Kano zama garin haƙa ba. Tarihin kafuwar birnin kansa ya faro ne daga maƙera da suka zo neman tama a gindin Dala, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano ragowar murhun narkar da ƙarfe a wurin da aka ƙiyasta shekarunsa zuwa ƙarni na 7. A kudancin jihar, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, an daɗe ana haƙar kuza ana narkar da ita tun kafin Turawa su san hanyar Jos. Abin da aka fi haƙa a Kano kuwa, fiye da tama da kuza a haɗe, shi ne ƙasar gini, kuma za a dawo kanta.

Kwal ɗin da ya ja gyaɗar Kano

A shekarar 1909 masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, ƙarƙashin Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. A lokacin jiragen ƙasa na Najeriya da kwal ɗin Birtaniya suke tafiya, ana kawo shi ta teku, don haka da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsananta sufuri ya yi wuya, sai aka gaggauta aikin: haƙa ta fara a 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916, aka buɗe mahaƙar Kwarin Iva a 1917. Fatakwal kanta an kafa ta ne domin fitar da wannan kwal, Inugu kuma ta tashi daga sansanin lebura zuwa babban birnin Gabas, har yau ana yi mata laƙabi da birnin kwal. Filayen da aka haƙa an karɓe su ne ta yarjejeniya da hakiman da Turawa suka naɗa, kuma ɗaya daga cikinsu, Onyeama na Eke, ya yi suna wajen tura talakawansa aikin rami.

Alaƙar wannan da Kano ba ta da nisa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarun da suka biyo baya, kuma kowane buhu da aka sauke daga dalar gyaɗa aka loda a tarago, kan jirgi mai cin kwal ne ya ja shi zuwa bakin teku. Da farko kwal ɗin Inugu sai ya gangara Fatakwal, ya bi teku zuwa Legas, sannan ya hau layin yamma. Daga baya layin gabas ya haɗe da Kaduna, kuma da aka kammala gadar Makurɗi a 1932 sai ya riƙa zuwa Arewa kai tsaye. Manomin gyaɗa a ƙasar Kano da mai haƙa a Kwarin Iva ba su taɓa ganin juna ba, amma gumin ɗaya ne yake kai amfanin ɗayan kasuwa.

Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan Kwarin Iva waɗanda ke yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51, abin da ya girgiza ƙasar ya kuma ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan 900,000 a shekara. Daga nan aka fara gangara, domin hukumar jiragen ƙasa ta koma injin dizal, man fetur ya bayyana, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramukan ruwa ya cika su. An yi ƙoƙarin farfaɗo da su da injinan ƙasar Foland a shekarun 1970 abin bai ɗore ba, kuma zuwa farkon shekarun 2000 haƙar ta tsaya. Abin da ya rage shi ne ramuka a ƙarƙashin tsaunuka, da ruwa mai tsami wanda ke tsiyayowa daga tsofaffin mahaƙu zuwa kogin Ekulu, da birni mai ci gaba da faɗaɗa zuwa inda aka taɓa haƙa.

A ƙasashen da Hausawa suka fi sani, kwal ya zo ne a makare. A Nijar an kafa kamfanin SONICHAR a 1975, yana haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin domin ba mahaƙun yuraniyom na Arlit da birnin Agadas wuta. A Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe, kamfanin simintin Ashaka ya fara haƙar buɗaɗɗen rami a ƙarshen shekarun 2000, wato irin haƙar da ake yaye ƙasar sama gaba ɗaya maimakon a bi ta ƙarƙashi, kuma hakan ya sa aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni, koke-kokensu a kan gonaki da ruwan sha suka yi ta fitowa a jaridu.

Yadda aka raba sama da ƙarƙashi

Raba ma'adini da gonar da yake ciki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne hukuncin ma'adini yana hannun shugaba, ko da a filin wani aka same shi, shi ne zai ba wanda ya ga dama ya haƙa bisa maslahar jama'a. Malamai sun bambanta shi da rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka binne, wadda ake fitar da ɗaya bisa biyar daga cikinta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba a raya ba, kuma daga irin wannan fiƙihu ne kalmar hurumi ta shigo bakin mutane, wato filin da ake bari a kewayen gari ko rijiya, ba mai gina shi, ba mai noma shi, saboda amfanin kowa.

Turawa sun ɗauki rabin wannan tsari ne kawai, rabin da ya yi musu. A jawabin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a Maris na 1903 ya bayyana cewa ikon ƙasa da na ma'adinai ya koma hannun gwamnatinsa ta hanyar cin yaƙi, kuma tun kafin nan, lokacin da aka karɓi mulki daga kamfanin Royal Niger a 1900, an yi wa kamfanin alkawarin rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99, alkawarin da sai wajen 1950 aka fanshe shi da kuɗi. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sanya dukkan filayen Arewa a hannun gwamna a matsayin amana, gwamnatin Jihar Arewa ta gaje ta da dokarta ta 1962, sannan gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a kan ƙasar baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978. Saboda haka dokar da ta tayar da hankali a Kudu, a Kano kusan tsohon zance ce da sabuwar riga.

Abin da takardar shaidar mallaka take bayarwa shi ne haƙƙin zama da amfani na wani wa'adi, galibi shekara 99, tare da biyan kuɗin ƙasa ga gwamnati, kuma sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke ta saboda maslahar jama'a, wadda haƙar ma'adinai tana cikinta. Ƙarƙashin ƙasa kuwa bai ma shiga takardar ba tun farko, domin sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ciki ko ƙarƙashin kowace ƙasa a Najeriya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta ƙara da cewa amfani da fili domin haƙa yana gaba da kowane irin amfani, har ta ba gwamna kwana 60 ya soke takardar mai fili idan an ba wani lasisin haƙa a wurin. Diyyar da ake biya ta abin da ke doron ƙasa ce, wato gini da shuka da itatuwa masu amfani da hana mutum cin moriyar wurinsa, ba ta kwal ko zinariyar da ke ƙasa ba. Manomin da aka samu arziki a gonarsa, a idon doka, kamar ɗan haya ne da aka tono tukunyar kuɗi a ɗakin da yake kwana.

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi yana da kariya guda a nan, domin dokar ta 2007 ta hana ba da lasisin haƙa a wurin da gari ko ƙauye ko kasuwa ko maƙabarta suke, da kuma abin da bai kai mita 50 ba daga layin dogo ko titin gwamnati ko madatsar ruwa. Ba wanda zai zo da takarda daga Abuja ya ce zai haƙa a Court Road.

Hukuma uku, fili ɗaya

A Amurka, inda aka fi yin rubutu a kan zaman maƙwabtaka tsakanin mahaƙa da gidaje, hukumar gunduma ce a jihohi da yawa take zana taswirar yankinta ta ce nan gidaje, nan gona, nan masana'anta, nan kuma ba a gini, kuma mai fili yana iya mallakar ma'adinin da ke ƙarƙashinsa ya sayar da shi daban. A Najeriya abin da ya fi kusa da gunduma shi ne ƙaramar hukuma, amma hannunta a ɗaure yake. Tsarin mulki ya lissafa mata ayyuka irin su kasuwanni da maƙabartu da kwashe shara da sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, ya kuma ce tana da hannu a raya albarkatun ƙasa amma ban da haƙar ma'adinai. Dokar 1978 ta ba ta ikon bayar da fili a karkara kawai, har hekta 500 domin noma ko 5,000 domin kiwo. Da zarar gwamna ya ayyana wuri a matsayin birni, ikon ya koma hannunsa.

Tarauni tana cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 28 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 221,367, adadin da duk mai bin titin Zariya da safe ya san an wuce shi da nisa. Tunda duk cikinta birni ne, sakatariyar da ke Unguwa Uku ba ta da fulotin da za ta bayar, ba ta kuma da ikon amincewa da zanen gini. Fili yana hannun ma'aikatar ƙasa ta jiha, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane, wato KNUPDA, wadda mutane suka fi sani da jan fentin da jami'anta ke shafawa a bangon da aka ɗaga ba izini, lasisin haƙa kuma yana hannun ofishin rajistar ma'adinai na tarayya. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane aikin jiha ne. Hukumar da ta fi kusa da ramin, wadda kansilanta yake wucewa ta bakinsa kullum, ita ce mafi ƙarancin iko a kansa.

Ramin da Kano ta haƙa wa kanta

Ginin ƙasa ba ya tashi sai da rami. Magina suna haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya a rana. Ɗaukar ƙasa daga nesa a kan jaki wahala ce, don haka kowace unguwa kusa da kanta take haƙa, kuma badalar da ta kewaye birnin ita kanta daga ramukan gefenta ta fito. Ramin da aka bari, idan damina ta cika shi, shi ne kududdufi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ambaci Jakara da ruwan da ke kwance a tsakiyar birni. Da garin ya tsallake ganuwa, musamman bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, gonakin da ke kudu maso gabas suka fara komawa unguwanni, wasu da awon gwamnati irin rukunin gidaje na Kundila, wasu da awon igiya, wato mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar ba tare da taswirar hukuma ba, kuma tsohuwar al'adar haƙa kusa da gida ta biyo su.

Kududdufi ba wurin yabo ba ne. Sauro a nan yake ƙyanƙyasa, yaran da ke wanka a ciki suna ɗaukar tsargiya, kusan kowace tsohuwar unguwa tana da labarin yaron da ya nutse, kuma da rani, idan ruwan ya ja baya kainuwa ta rufe shi, warinsa yana isa gidajen layi na uku. Amma yana yin wani aiki da ba wanda ya ɗauke shi ya yi: a watan Agusta, idan aka kwana ana ruwa, duk abin da indararo da kwatoci suka zubo nan yake taruwa, ya zauna, ya tsuma cikin ƙasa a hankali, rijiyoyin unguwa su samu. Ma'ajiyar ruwa ce da ba a kashe ko kwabo wajen gina ta ba.

Yadda kududdufi yake mutuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da farko gidajen bakinsa suna zuba shara a gefensu, toka da leda da ɓawon rake da tsumma, har bakin ya taka ciki da taku biyar ko goma. Sai wani ya kafa turaku ya ɗaure akuya, wani ya kafa rumfar kwano. Idan wuri ya yi daraja sai tifa ta fara zuwa da ɓaraguzan rusasshen gini da sharar kasuwa, a ƙarshe a shimfiɗa jar ƙasa taku ɗaya ko biyu a sama, a bi ta da abin daddaɓewa, wurin ya fito fes kamar filin idi. Daga nan sai igiya da dillali. Ramin da shekara hamsin ba wanda ya ce nasa ne, ranar da ya zama fuloti takwas sai magada su bayyana, kowa da shaidunsa.

Wanda ya sayi irin wannan fili ba ya ganin komai a shekarar farko. Shara tana ruɓewa ne a hankali, tana raguwa, ƙasar da ke kanta tana bin ta, kuma ba daidai take sauka ba, domin kusurwar gidan da ta hau tsohon bakin rami tana kan ƙasa mai tauri, ɗaya kusurwar kuma tana kan juji mai zurfin gaba biyu. Bayan damina biyu ko uku sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta haura a karkace, ƙofar ɗaki ta fara cijewa, tayil ya yi ƙara idan an taka, gindin bango ya yi jiƙe ya fitar da farin gishiri, fenti ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai gida ya kira birkila ya toshe, baɗi ta sake buɗewa a wurin. Wannan shi ne ainihin abin da masana ke kira nutsewar ƙasa a garuruwan kwal, inda rufin tsohon rami yake zubewa a ƙarƙashi gidan da ke sama ya karkace. Bambancin kawai shi ne a can ramin yana da zurfi da taswira, a nan kuwa gajere ne kuma ba a rubuta shi ko'ina ba. Injiniyoyi suna da magani, wato a gwada ƙasa tukuna, sannan a zuba faffaɗan kankare mai rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya ko a kafa turakun kankare har su taɓa ƙasa mai ƙarfi, amma wanda bai san a kan rami yake ba, ba zai kashe wannan kuɗi ba, mai sayarwa kuma ba shi da dalilin gaya masa.

Cutar ba ta tsaya kan mai saye ba, kuma wannan ne ya mayar da ita maganar doka. Ruwan da kududdufin yake sha bai daina sauka daga sama ba, don haka sai ya bi lungu ya shiga gidan wanda bai sayar ba bai saya ba, galibi tsohon gidan ƙasa wanda daɓensa ya koma ƙasa da sabon titi. Hurumin da fiƙihu ya sani an yi shi ne domin irin wannan wuri.

Haƙar ma ba ta daina ba, matsawa ta yi. Bulo ya maye gurbin tubali, amma bulo yashi yake ci, kuma tifofin da ke shigowa Tarauni suna ɗebo shi ne daga kogin Calawa da na Wudil, jar ƙasa da burji kuma daga ramukan bayan gari. A dokar 2007 yashi da marmara da tsakuwa duk ma'adinai ne, haƙar su domin sayarwa tana buƙatar lasisin kwari na tarayya, kuma dokar ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin idan ya gama, wato wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Sai dai jami'in da zai tabbatar da askin yana amsa wa Abuja ne, wanda zai yanka filin bayan shekara ashirin yana amsa wa gwamnatin jiha, ko ma ba ya amsa wa kowa, kuma babu littafi ɗaya da su biyun suke dubawa. Ramukan da ake haƙa yau a gefen Kumbotso da Dawakin Kudu suna nan inda Gyaɗi-Gyaɗi take shekara sittin da suka wuce, wato a bakin gari mai tahowa.

Inda ake ajiye tarihin rami

Ƙasashen da suka daɗe da kwal ba da hikima suka fara ba, da gawa suka koya. Ranar 21 ga Oktoban 1966 tulin ƙasar da aka fitar daga mahaƙa, wanda aka jibge a kan tudu mai idon ruwa, ya zaftaro a kan ƙauyen Aberfan a yankin Wales na Birtaniya, ya rufe makarantar firamare, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara, kuma sai bayan nan, a 1969, aka yi dokar kula da irin waɗannan tuli. A jihar Pennsylvania ta Amurka wuta ta kama tsohon ramin kwal a ƙarƙashin garin Centralia a 1962, har yau tana ci, garin da ke da mutum kusan dubu ya zama kufai bayan gwamnati ta saye gidajen ta tashe su. A jihar dai, dokar 1921 da ta hana haƙar da za ta nutsar da gidaje ta faɗi a Kotun Ƙolin Amurka a 1922, saboda wani kamfanin kwal ya nuna cewa tun lokacin da ya sayar da doron filin ya rubuta a takarda cewa ƙarƙashi nasa ne kuma ba ya ɗaukar alhakin ɓarna. Sai a 1977 Amurka ta yi dokar tarayya da ta tilasta wa mai haƙa ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara, waɗanda ba za a mayar masa ba sai ya gyara wurin, ta kuma sanya haraji a kan kowane tan domin gyara ramukan da masu su suka gudu.

Abin da ya fi dacewa da Kano a cikin wannan duka shi ne mafi arha. A Birtaniya an kafa hukuma a 1994 wadda take riƙe da taswirar tsofaffin ramukan kwal, kuma a yankunan da aka yi haƙa lauyan mai sayen gida yakan nemi rahoto daga wurinta kafin a biya kuɗi, hukumar tsara gari ma tana tuntuɓar ta kafin ta ba da izinin gini a wurin da ake zargi. Kano ba ta rasa kayan haɗa irin wannan taswira ba, domin akwai hotunan sama da aka ɗauka tun zamanin Turawa, akwai taswirorin shirin raya birni na shekara ashirin da wani masani mai suna Trevallion ya tsara daga 1963, akwai hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya da kowa zai iya buɗewa a kwamfuta, ga kuma hukumar KANGIS da aka kafa domin sanya bayanan filaye a na'ura. Abin da babu shi ne ƙa'idar da za ta ce a rubuta a jikin takardar fili cewa nan tsohon kududdufi ne. A yanzu wannan rajista tana cikin kan dattawan unguwa ne da masu unguwanni, shi ya sa mai sayen fili mai wayo yakan bar dillali a mota, ya je masallacin layin bayan la'asar ya tambayi mafi tsufa a sahun gaba inda yara suke kamun tarwaɗa lokacin yana yaro, sannan ya sake dawowa ya ga filin a tsakiyar Agusta.

Akwai abu guda da mazauna Tarauni suke haƙowa daga ƙarƙashin filayensu kowace rana ba tare da tunanin lasisi ba, kuma cike kududdufai yana rage shi kamar yadda yawan burtsatse yake rage shi. Babi na gaba zai duba wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa: wanda doka ta ce nasa ne, dalilin da ya sa rijiyar maƙwabci take ƙafewa idan aka haƙa mai zurfi a gidan kusa, da yadda kuɗin jarkar 'yan ga-ruwa yake bin zurfin da injin ya kai.